Tsoka, jijiya da abin da likita ya rubuta a karne

A asibitocin Garwa da Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, ciwo guda yakan bi ta harsuna biyu ko uku kafin ya sauka a takarda. Majiyyaci ya faɗa da Hausa, ma'aikacin jinya ya sake tambayarsa da Fulatanci ko Larabcin Shuwa don ya tabbatar, likita kuma ya rubuta da Faransanci a karne, wato ɗan littafin asibiti na majiyyaci. Abin da mutanenmu suka fi faɗa shi ne, "Likita, jijiya ce ta riƙe ni." Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai abin da Bahaushe ke kira jijiya, a wurin likita abubuwa huɗu ne, kowanne da aikinsa, da irin ciwonsa, da tsawon jinyarsa. Wani hutun mako guda ya ishe shi. Wani kuwa in aka kwana ba a kai asibiti ba, an rasa hannu ke nan. Kalmar da ke cikin karnen, wadda yawancinmu ke ninkewa mu sa a aljihu mu wuce farmasi, ita ce ke faɗin wanne ne a ciki.

Mai son ganin bambancin da idonsa ya je layin mahauta da sassafe, ya tsaya inda ake fasa ƙafar sa. Jan naman nan shi ne tsoka. Kowane curi nata yana cikin wani farin tantani mai sheƙi, wanda masu kilishi ke bi da wuƙa suna cirewa. Ka bi tsokar zuwa ƙasa, za ka ga ta tsuke, ta koma farar igiya mai tauri, ta je ta kama ƙashi. Wannan ita ce likita ke kira tandon, kuma babbarsu ita ce agara, wadda mahauci ke zura ƙugiya a bayanta ya rataye naman. In ka ja ta, kofaton zai motsa. A daidai gaɓa kuma akwai wasu gajerun farare da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, ba ruwansu da tsoka: su ne ligaman. Sannan ga wata siririya mai laushi, fara-fara, tana ratsa tsakanin tsokoki, ba ta da rami a ciki. Ita ce ner, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa da dawo da labarin zafi ko taɓawa. Masu rami, waɗanda jini ke bi, su ne arter da ven.

Launin ma yana da magana. Tsoka ja ce, jini kuma ya wadace ta, shi ya sa in ta yage take ɗinkewa cikin makonni. Tandon da ligaman farare ne, jininsu kaɗan, jinyarsu ta watanni ce. Ner kuwa in ta tsinke aka ɗinke ta, tofowarta ba ta wuce kimanin milimita 1 a rana ba. Lissafa tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa, ka ga yawan haƙurin da ake nema.

Tsokokin da ke motsa ƙashi sun haura 600 a jikin mutum, kuma a jikin namiji baligi sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Aikinsu ɗaya ne, ja. Tsoka ba ta iya turawa, don haka suke zuwa biyu-biyu: ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta baya ta miƙe shi. A cikin kowane zare nata akwai sinadarai biyu jere da juna, aktin da miyozin. Miyozin yana kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa gaba ya ja, yadda ake jan guga daga rijiya hannu bayan hannu. A 1954 ne ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka bayyana wannan a lokaci guda, kowace da wani mai suna Huxley a cikinta, alhali ba su haɗa dangi ba. Abin da ke buɗe hanyar kamun shi ne kalsiyam, abin da ke ba da ikon sakin kuma makamashi ne da tsoka ke sarrafawa daga abinci da iskar numfashi. Wato saki ma sai da ƙarfi. Dalilin sandarewar gawa ke nan bayan 'yan sa'o'i: makamashi ya ƙare, miyozin ya kama ya kasa saki.

Kafin yatsa ɗaya ya motsa, umarni zai fito daga ƙwaƙwalwa, ya gangara ta laka, ya bi ner, ya tsallaka wata 'yar tazara tsakanin ner da tsoka, tsoka ta ja tandon, tandon ta ja ƙashi. Duk inda aka samu tangarɗa a hanyar nan, mai jiki abu ɗaya zai ce, hannu ya ƙi. Likita kuwa aikinsa ya gano a wane zango ne, kuma sunayen nan masu wuyar faɗa an gina su ne don su nuna zangon.

Gininsu ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Farkon kalma yana faɗin wuri, ƙarshenta yana faɗin abin da ya samu wurin. Duk inda ka ga haruffan m, y, o a jere, tsoka ake nufi, daga Girkanci aka ɗauko. In kalmar ta ƙare da "alji", ciwo ne kawai, "it" kumburi, "pati" cuta, "liz" narkewa, "om" ƙari, "pleji" shanyewa, "parezi" rauni wanda bai kai shanyewa ba. Akwai tarko guda: miyelo, mai e da l a tsakiya, laka ce ko ɓargo. Za mu gamu da shi a wajen shan inna.

Miyalji ita ce kalmar da ta fi yawa a karne, kuma ita ce mafi ƙarancin bayani, don ba ta ce komai ba sai "tsoka tana ciwo". Zazzaɓin cizon sauro yana kawo ta, mura tana kawo ta, wasu magungunan rage kitsen jini ma haka. 'Yar uwarta artralji ciwon gaɓa ce, irin wadda ta hana mutanen Abeshe ta Chadi miƙewa lokacin annobar cikungunya ta 2020. Tsamin jikin da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba, ranar farko ta huɗa ko ta dakon buhunan masara, shi ne kurbatir. Yakan fi tsanani a kwana na biyu, ya wuce da kansa. Ɗaurewar dambubu cikin dare ko tsakar rana a gona ita ce kiramp. Miƙe tsokar a hankali yana sakinta. Amma in kiramp ta zo tare da amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, gishirin jiki ne ke tsiyayewa, kwalara ce ake tsoro, kuma ruwan gishiri da sukari ake fara ba shi tun a hanyar asibiti.

A nan ne nake ganin muka fi cutar kanmu. Mai haya da babur ya wuni yana shan kwalta, baya ya riƙe, ya tsaya gaban mai tallan magani a tire ya haɗa tramol da diklofenak. Tramol yana rufe ciwon ne bai taɓa dalilinsa ba, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, in ya yi yawa kuma ya jefa shi jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci yana bisa babur da fasinja a baya. Diklofenak yana cin tumbi, yana kuma matsa wa ƙoda, musamman a watan Afrilu da zafin Marwa da Njamena ke haura digiri 40, jiki ba ruwa.

Masu sharhin ƙwallo a rediyo sun riga likitocin unguwa koya mana wasu kalmomin. In ɗan wasa yana tsaka da gudu a filin Rumde Ajiya ya dafe bayan cinya ya tsaya cak, mai sharhi zai ce kilakaj. Rauni ne mai hawa-hawa. Mafi sauƙi elongasiyon, zaren tsoka ya miƙu fiye da kima, mako ɗaya ko biyu ya koma fili. Kilakaj ko deshirir, wani ɓangare ya yage, jini ya taru, wurin ya yi baƙi, sai an yi wata ɗaya zuwa biyu. Ruptir kuwa tsinkewa ce gaba ɗaya, har hannu kan ji rami a wurin. Targaɗe, wanda suke rubutawa antors, na ligaman ne, galibi a idon sawu. Mafi muni ga ɗan ƙwallo shi ne na cikin gwiwa. Vincent Aboubakar, ɗan Garwa da ya taso a Coton Sport, ligaman ɗin gwiwarsa ya tsinke a 2018 yana Porto, aka yi masa tiyata, ya kwashe watanni bai taɓa ƙwallo ba, daga baya ya zo ya ci ƙwallo 8 a gasar kofin Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022. Tandinit kuma ba faɗuwa ke kawo ta ba, maimaita motsi ɗaya ne: kafaɗar mai daka, wuyan hannun tela, gwiwar hannun maƙeri. Wani abin da ba kowa ya sani ba, siprofloksasin da ake sha barkatai da sunan maganin taifot yana iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga tsofaffi.

Al'adarmu ga sabon rauni ita ce gashi da ruwan zafi, man zafi, da murza har mutum ya yi ihu. A kwana biyu ko uku na farko wannan ƙara zubar jini yake yi a cikin tsoka. Abin da ake so a lokacin shi ne hutu, ƙanƙara a cikin tsumma, ɗauri sassauƙa, da ɗaga ƙafar sama. Cinyar da jini ya taru a cikinta aka yi ta murzawa da ƙarfi, wani lokaci ƙashi ne ke tsirowa a tsakiyar tsokar. Sannan wanda aka tura radiyo, wato hoton ƙashi, ya dawo aka ce ba a ga komai ba, kada ya ɗauka lafiya lau ce ko likita bai iya ba. Radiyo ƙashi take gani. Tsoka da tandon sai ekografi, irin hoton da ake yi wa masu ciki.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne gaggawa. Lokacin mangwaro, yaro ya faɗo daga bishiya ya karye dab da gwiwar hannu. Aka kai shi wurin mai ɗori, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya naɗe da tsumma tamau. Ba na cikin masu raina masu ɗori. Akwai karayar da suka iya, kuma sau da yawa su ne kusa, su ne daidai aljihu. Illar tana wurin ɗaurin. Farin tantanin nan da muka gani a ƙafar sa ba ya miƙewa. Tsokar da ta ji rauni tana kumbura a cikinsa, ga tantani ya hana ta faɗi daga ciki, ga karare sun matse daga waje. Matsin yana hawa har ƙananan hanyoyin jini su toshe. Tsokar da jini bai kai mata ba kuwa, bayan kamar sa'o'i 6 ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Alamomin a fili suke ga wanda ya san su. Yaro yana kuka fiye da yadda karaya ta saba sa kuka, magani bai kwantar da shi ba. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, launinsu ya sauya. In ka kama yatsa ɗaya ka miƙe shi a hankali, sai ya ƙwalla ƙara. Can kuma sai ya ce yatsun sun mutu, kukan ya ragu, kakarsa ta ce, "Alhamdulillahi, ɗori ya kama." A'a, Inna, ner ce ta fara mutuwa. Likita zai rubuta sandrom de loj, maganinsa kuma a kwance ɗaurin nan take, in bai isa ba a tsaga tantanin a ɗakin tiyata tsokar ta samu sarari. In aka makara, tsokar takan ƙanƙance ta taurare, ta ja yatsun su lanƙwashe ciki har abada. Wani likitan Jamus, Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, sunansa kuma nakasar take ɗauke da shi. Filastan asibiti ma in ya matse yana yin haka, don haka ba maganar gargajiya da zamani ba ce, maganar matsi ce.

Akwai wata cutar da ƙasashen zafi suka fi sani, piyomiyozit, wato ruwan mugunya a can cikin tsoka, yawanci cinya ko mazaunai. Ƙwayar stafilokok ce ta fi kawo ta. Takan fara da zazzaɓi da ɗingishi, wurin ya yi tauri, fata kuwa ba ta nuna komai, sai a yi ta shan maganin sauro. Tana kama yara da samari masu ƙoshin lafiya, ta fi kuma samun masu ciwon sukari ko sida. Da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta ya isa. In mugunya ta taru sai an fasa, kuma zurfinta ya wuce inda askar wanzami ke kaiwa.

Rabdomiyoliz narkewar tsoka ce. Gini ya danne mutum, ko an yi masa dukan kawo wuƙa, ko saurayi ya yi gudun neman shiga soja cikin rana ba shiri. Tsokar da ta farfashe tana zubar da wani jan sinadari, miyoglobin, cikin jini, shi kuma ya je ya toshe ƙoda. Fitsari ya koma launin baƙin shayi, ya ragu. Likitocin Landan ne suka fayyace haka a 1941, da suka ga mutanen da aka zaƙulo da rai daga gine-ginen da bama-bamai suka rusa suna mutuwa bayan kwanaki saboda ƙoda. Gwajin jinin da ke nuna ta shi ne CPK, kuma ƙarin ruwa da yawa da wuri shi ke raba mutum da injin wankin ƙoda.

Duk waɗannan laifin yana jikin tsoka ko abin da ke kewaye da ita. A kaso na biyu tsokar lafiyarta ƙalau, saƙo ne bai iso ba. Dattijo mai hawan jini ya tashi da asuba baki ya karkace, hannu da ƙafar dama sun ƙi, magana ta sarƙe. Za a rubuta AVC, wato toshewa ko fashewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa, da emipleji, shanyewar ɓarin jiki. Raunin yana ƙwaƙwalwa, a ɓangaren hagu, domin hanyoyin suna gicciye kafin su sauko. Shafa wa hannun mai da tsaga shi ba su kai inda ciwon yake ba. Parapleji ƙafafu biyu ne, tetrapleji duka huɗu, su kuma yawanci laka ce ta taɓu, ko ta haɗarin hanya ko ta tarin fuka da ya ci ƙashin baya.

Shan inna sunanta poliyomiyelit, ga miyelo ɗin nan. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, a mafi yawan yara ta wuce ba a sani ba, amma a kamar yaro 1 cikin 200 takan kai laka ta kashe tushen ner ɗin da ke motsa ƙafa. Ƙafar ta yi laƙwas, ta rame, ramar da ake kira atrofi, amma tana jin taɓawa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma shugabar kwamitin da ya tabbatar da haka 'yar Kamaru ce, Farfesa Rose Leke. Na ƙarshe da aka gani a yankinmu a Borno ne, a 2016. To me ya sa har yau masu ɗiga rigakafi ke bin gida-gida? Domin a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana iya yawo tsakaninsu tsawon lokaci har ta sake yin ƙarfi, kuma kewayen Tafkin Chadi yana cikin wuraren da hakan ke faruwa. Shi ya sa duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ake rubuta masa PFA, a ɗebi bayan gidansa sau biyu a aika gwaji.

Ba kowace ƙafar da ta saki bayan zazzaɓi ce shan inna ba. Haruffan IM a takardar magani suna nufin allura a cikin tsoka, IV a hanyar jini. Ner mafi girma a jiki, siyatik, ta ƙarƙashin mazaunai take bi ta gangara ƙafa. Ƙa'ida ita ce a raba mazauni gida huɗu a soka a na sama ta waje, jarirai kuma a gefen cinya. Mai allurar unguwa da bai san haka ba ya soka a tsakiya, yaro ya zabura da zafin da ya tafi har tafin ƙafa, washegari yana jan ƙafa, ba ya iya ɗaga yatsunta. Allurar kinin ta yi ƙaurin suna a kan wannan a ƙasashenmu masu Faransanci. Son allura da muke yi, har a raina likitan da ya ba da ƙwaya kaɗai, shi ne ke ciyar da wannan sana'a.

Tetanos kishiyar shanyewa ce. Ƙwayar tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta sukar ƙusa ko ƙaya, dafinta ya hana laka aika saƙon "saki". Haƙora su sarƙe, wuya ya sandare, baya ya gantsare, ƙara kaɗan ko haske ya tayar da jijjiga, mutum kuwa yana cikin hayyacinsa, abin da ya bambanta ta da sanƙarau mai tsanani. A jariri ta cibiya take shiga, in an yanke da tsohuwar reza ko an shafa toka da makamantanta. Jaririn da ke shan mama lafiya sai ya daina wajen kwanakin suna. Allurar VAT da ake yi wa mata a awon ciki ita ce kariyarsa. An tabbatar Kamaru ta shawo kan tetanos ɗin uwa da jariri a 2012, Chadi a 2019, ma'ana ya ragu ƙasa da jariri 1 cikin 1,000 a kowace gunduma. Ƙwayar dai tana nan a gona.

'Yar tazarar nan da ke tsakanin ner da tsoka, wani sinadari ne, asetilkolin, ke tsallaka ta. A miyasteni garkuwar jiki ce ke toshe inda yake sauka: mace ta tashi garau da safe, da la'asar fatar ido ta faɗo, tauna ta gagara, ta huta ta ɗan dawo. Sau da yawa aljanu ake ɗora wa, alhali akwai magani. Wasu magungunan feshin auduga kuwa akasin haka suke yi, suna hana a share sinadarin bayan ya gama aiki. Manomin da ya yi feshi ba kariya sai ya ga nama yana rawa a ƙarƙashin fata, yawu da gumi suna zuba, ƙwayar ido ta tsuke, daga nan tsokar numfashi ta gaji. A cire masa tufafin, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin. Madara da manja ba sa karya wannan dafi.

Miyopati ita ce cutar da ke cikin ginin tsokar kanta. Wadda aka fi sani tana ɗauke da sunan Duchenne, likitan Faransa da ya bayyana ta a shekarun 1860. Tana samun kamar yaro namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Yana shekara 3 zuwa 5 ake lura yana yawan faɗuwa, ba ya iya tsere da sa'o'insa, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu. Dambubunsa manya, har a ce ƙarfi ne, alhali kitse ne ke maye gurbin tsoka. Ta wajen uwa ake gadonta, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku sabon sauyi ne da ba a gada daga kowa ba. Uwar da ke ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana tsakanin samu da tsira, rabi da rabi. Ba ta warkewa, amma magani da motsa gaɓoɓi suna jinkirta ta, sanin sunanta kuma yana hana a sayar da gona da shanu ana yawon neman wanda ya yi wa yaro sammu.

Sauran nau'in tsoka biyu ba sa jiran umarninmu. Ɗaya tana bangon hanji, mafitsara, hanyoyin jini da mahaifa. Naƙuda aikinta ce. Miyom, ko fibrom, ƙari ne na tsokar mahaifa. Yana da yawa a matan Afirka, kusan dukansa ba ciwon daji ba ne, yakan kawo yawan jinin al'ada da ƙarancin jini, ya kuma ƙanƙance bayan al'ada ta ɗauke. Ɗayar ita ce miyokard, tsokar zuciya. Akwai ciwonta da ya shafe mu kai tsaye, kardiyomiyopati ta masu jego, inda zuciya ke saki a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. Ƙasar Hausa tana cikin inda ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙara da ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, take tari cikin dare, kada a ce mata gajiyar haihuwa ce.

Akwai kuma lambar da ake gani a karnen masu shanyewa, 2/5 ko 3/5, wadda iyalai ke ɗauka kamar makin jarrabawa. Awon ƙarfin tsoka ne, da hannu ake yin sa. Likita zai ce, "Baba, matse yatsuna. Yauwa. Ɗaga ƙafar, kada ka bari in danne ta." Sifili, ba motsi ko kaɗan. 1, ana ganin naman yana ɗan motsi amma gaɓa ba ta gusa ba. 2, yana jan ƙafar a kan katifa amma ba ya ɗaga ta. 3, ya ɗaga ta, da an taɓa ta faɗi. 4, yana turjewa amma ana rinjayarsa. 5, cikakken ƙarfi. Tsallakawa daga 2 zuwa 3 ita ce babba, don a nan ne hannu ke iya kai loma baki.

Mai tura lambar gaba shi ne kine, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira likitan gashin ƙashi. Mutane suna ɗaukar aikinsa tausa ce ta masu kuɗi, sai su je sau biyu su daina. Tsokar da ba ta aiki tana fara ramewa cikin mako ɗaya ko biyu, gaɓar da aka bari a lanƙwashe kuma tandon ɗinta yana gajarcewa har ta ƙi miƙuwa ko da ner ta farfaɗo. Bayan AVC, mafi yawan abin da zai dawo a watanni 3 zuwa 6 na farko yake dawowa. Masu kine ba su da yawa a arewa, galibinsu a manyan garuruwa suke, don haka wanda ya zo daga ƙauye ya roƙi a koya wa mai jinyarsa: yadda ake lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta safe da yamma, yadda ake juya majiyyaci duk bayan sa'o'i biyu kada baya ya yi gyambo, da yadda ake tallabe shi ta ƙirji a zaunar. Ba a ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin tsokokin da ke riƙe kafaɗar sun saki, jan kaɗan ya isa ya gotar da ita.